A Ƙidaya Kayan Gwamnati Kafin A Liƙa Masu Tambarin Rediyo

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ƙidayar kaya na ƙarshen shekara a wata ma'aikata a nan Abuja ya san yadda ranar take wucewa. A buɗe sito, a kakkaɓe ƙura, a ɗauko ƙaton littafi, sannan a shiga neman abin da littafin ya ce yana nan. Kwamfutar da aka rubuta tana hawa na uku sai a tarar ta bi wani darakta zuwa sabon wurin aikinsa. Janareton da aka ce an kai gyara, wanda ya sa hannu a kan fitarsa ya yi ritaya tuni. Daga ƙarshe kowa ya gaji, a rattaba hannu, a rufe littafi sai baɗi.

A kan wannan ciwo ne kamfanoni ke ta zarya a Sakatariyar Tarayya da ofisoshin hukumomi suna tallar magani, wato fasahar tantance kaya ta igiyar rediyo, wadda duniya ta sani da RFID. Wannan jarida tana ganin fasahar ta cancanci a karɓe ta, domin ta nuna amfaninta a kasuwancin duniya, farashinta kuma ya sauko. Sai dai muna jan hankalin masu rubuta takardun neman amincewa da masu tsara sharuɗɗan kwangila cewa akwai aikin da ya riga sayen na'ura, wato sanin abin da gwamnati ta mallaka da rubuta shi a rajista ɗaya mai gaskiya. Ma'aikatar da ta tsallake wannan mataki za ta kashe kuɗin jama'a ne ta mayar da tsohuwar ƙaryar takarda ta koma ƙaryar kwamfuta.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Tambarin ɗan ƙaramin abu ne, galibi kamar takardar da ake liƙawa a jikin kwali, a cikinsa akwai ƙwayar lantarki wadda ba ta kai ƙwayar gero ba da siririyar eriya. Mafi yawansu ba su da batir. Idan na'urar karantawa ta watso igiyar rediyo, sai tambarin ya samu ɗan ƙarfi daga igiyar, ya mayar da amsa da lambarsa wadda babu mai irinta. Lambar zane-zane da ake gani a jikin kayan kanti sai an nuna mata haske ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa wannan ana karanta ɗaruruwansa cikin ɗan lokaci, ko da suna cikin kwali a rufe. Zangonsa uku ne aka fi amfani da su. Akwai na ƙasa, wajen kilohaz 125 zuwa 134, wanda ake sa wa dabbobi. Akwai na megahaz 13.56, wanda ke cikin fasfo da katin banki da wayar hannu, ba ya wuce 'yan santimita. Sai na megahaz 860 zuwa 960, mai kaiwa mita da dama, shi ne na sito da manyan kantuna da ƙofofin karɓar kuɗin hanya. Yana kuma da rauninsa: ƙarfe da ruwa suna dagula igiyar, don haka tambarin da ya yi aiki a jikin riga ba lallai ya yi a jikin kabad ɗin ƙarfe ko durom ɗin mai ba.

Asalin dabarar ya koma Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Ingila ta sa wa jiragenta na'urar da ke amsa wa rada don a bambanta su da na abokan gaba. Shigarta kasuwanci gadan-gadan ta biyo bayan kafa cibiyar Auto-ID a jami'ar MIT ta Amurka a 1999. A 2003 kamfanin Walmart ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su fara liƙa tambarin a kwalaye da faletoci kafin Janairun 2005. Wannan yunƙuri na farko ya yi ta tuntuɓe, saboda tambarin yana da tsada a lokacin, na'urorin ba su nuna ba, masu kawo kayan kuma ba su ga ribarsu a ciki ba. Sai da aka koma sa shi a jikin kowace riga da kowane takalmi, inda asarar rashin sanin abin da ke kanti ta fito fili, sannan ya zauna da gindinsa. Yau kamfanoni irin su Zara da Decathlon da Uniqlo da shi suke ƙidayar kaya, a wasu kantunan ma mai saye kwandonsa kawai zai ajiye a teburin biya, lissafi ya fito. Kamfanin jiragen sama na Delta ya sa shi a takardar jakunkunan fasinja tun 2016. Idan babban kanti na duniya ya yi tuntuɓe don ya gaggauta, ma'aikatar da ba ta san adadin motocinta ba ta fi kowa buƙatar takatsantsan.

Sababbin abubuwan da ake tallatawa yanzu sun wuce lamba kawai. Akwai tambarin da ke auna zafi da sanyi, ya ajiye tarihin ko maganin rigakafi ya taɓa fita daga sanyin da aka ƙayyade masa a hanya. Akwai wanda idan aka ɓamɓare shi ko aka buɗe murfin da yake kai, sai ya daina amsawa ko ya nuna an taɓa shi. Akwai mai ɗauke da makullin sirri wanda ke wahalar da mai son kwaikwayonsa. An ƙera waɗanda ke jure zama a jikin ƙarfe, da waɗanda ake dasawa cikin tayar mota tun daga masana'anta, kamar yadda Michelin ke yi. Mafi muhimmanci ga ɗan kasuwar Wuse ko Utako shi ne cewa wayoyin hannu da yawa yanzu suna karanta tambarin gajeren zango da kansu, tambarin sito kuwa, idan aka saye shi da yawa, bai wuce 'yan santin Amurka ba kowane ɗaya. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2024 wadda za ta riƙa wajabta wa rukunin kayayyaki takardar shaidar asali ta lantarki, abin da zai shafi duk mai son kai hajarsa can.

Mu ma a Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan fasaha, ko da ba mu kira ta da sunanta ba. Tana cikin fasfon da Hukumar Shige da Fice ta fara bayarwa a 2007. Tana cikin katin zaɓe na dindindin. Tana cikin katin Cowry da mutanen Legas ke hawa bas da shi, da katin bankin da ake kangawa a jikin na'ura ba tare da an zura shi ba, wanda Babban Bankin Nijeriya ya fitar wa da ƙa'idoji a Yunin 2023, ya ƙayyade Naira 15,000 a ciniki ɗaya da Naira 50,000 a yini. Saboda haka muna da tarihinmu na kanmu da za mu duba, kuma darussa biyu daga cikinsa sun isa su shiryar da mai hankali.

Na farko daga harkar man fetur ne. Asusun Daidaita Farashin Man Fetur, wato PEF, wanda aka kafa a 1975, shi ne ya riƙa biyan kuɗin dakon mai daga kudu zuwa sassa masu nisa don farashi ya zo ɗaya a ƙasa. Shekara da shekaru ana kukan cewa ana karɓar kuɗin tafiyar da ba a yi ba da takardun bogi. Sai hukumar ta fito da shirin Aquila, aka liƙa wa tankoki tambarin rediyo, a karanta a daffon lodi, a sake karantawa a daffon sauka irin na Suleja, sannan a lissafa haƙƙin mai mota. Shirin ya rage dogaro da takarda, wannan kuwa ci gaba ne. Amma bai hana karkatar da mai ba, har ta kai a Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Dillalan arewa kuma ba su daina kukan bashin kuɗin dako ba har bayan da dokar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin hukumar NMDPRA. Dalilin a bayyane yake. Tambari yana shaida cewa tanka ta wuce ta gaban na'ura a sa'a kaza. Abin da ke cikin tankar, da inda ta nufa bayan ta bar ƙofa, da ko za a biya mai ita a kan kari, duk waɗannan suna hannun mutane.

Na biyu daga zaɓe ne. A 2015 Hukumar Zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta shigo da na'urar karanta katin zaɓe, kuma kowa ya tuna yadda ta yi gardama a Otuoke ranar 28 ga Maris har ga shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan. Wannan tangarɗa ce ta ranar farko, ana iya gyara irinta. Babbar matsalar ta fito a kotu. A 2016, a shari'ar zaɓen gwamnan Ribas da wasu irinta, Kotun Ƙoli ta nuna cewa na'urar ba ta maye gurbin rajistar masu zaɓe da doka ta sani ba, domin Dokar Zaɓe ba ta ba ta wannan matsayi ba. Sai a Dokar Zaɓe ta 2022 aka ba tantancewa da na'ura gindin zama. Haka zai faru da kayan gwamnati. Muddin Ƙa'idojin Kuɗi na Tarayya baucan karɓar kaya da baucan fitar da kaya da littafin sito kaɗai suka sani, to ranar da aka gurfanar da wani a kan kayan da suka ɓace, lauyansa takardar zai nema, bayanin na'ura kuwa ya zama abin jayayya.

Girman abin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Tun Janairun 2016 Gwamnatin Tarayya ta koma tsarin lissafi na IPSAS wanda ke buƙatar kowace ma'aikata ta bayyana kadarorinta da darajarsu. A ƙarshen wannan shekara gwamnati ta sanar cewa an ƙwato motoci 40 daga hannun wani tsohon babban sakatare guda. A 2017 Ministar Kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta ƙaddamar da shirin bin sawun kadarori da kafa rajista ɗaya ta tarayya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a iya ba da bayaninsu ba zuwa Disamban 2018, cikinsu har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da alƙaluman, jayayyar kuma ita kanta hujja ce: hukumomi biyu na gwamnati ɗaya sun kasa haɗuwa a kan adadi saboda babu rajistar da dukansu suka yarda da ita. A 2023 an sake fasalin hukumar MOFI aka ɗora mata haɗa rajistar kadarorin ƙasa. Shirye-shirye dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kammalawa da bayyana wa jama'a sakamako.

Don haka muke ba da shawara a bi abin daki-daki. Kowace ma'aikata ta fara da ƙidaya ta ido da hannu, tare da wakilin ofishin Akanta-Janar da na Mai Binciken Kuɗi, a rubuta abin da aka gani, a rubuta abin da ba a gani ba da sunan ofishin da aka ba amanarsa. Ranar ƙidayar ce ranar liƙa tambari, domin lambar da ke jikin kaya da wadda ke cikin rajista su tashi tare. Daga nan kuma a sa a sharaɗin kwangila cewa duk mota ko kwamfuta ko na'urar asibiti da za a kawo, ta iso da tambarinta, kuma ba za a biya ɗan kwangila ba sai na'urar sito ta karanta ta. Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, wadda dokar 2007 ta kafa, tana da ikon sa wannan a takardunta na bai-ɗaya.

Kada kuma a watsa kuɗi a kan komai da komai. Kujerar roba da kwandon shara ba su buƙatar tambarin rediyo, fenti da lamba sun ishe su. Hatta a harkar magunguna, tsarin bin sawu da NAFDAC ta ɗauka a kan ma'aunin GS1 ya dogara ne da lambar zane mai murabba'i, wadda ta fi arha, ta kuma wadatar a wurare da yawa. Tambarin rediyo ya fi dacewa da abin da ke da tsada, ko mai saurin ɓacewa, ko mai haɗari idan ya faɗa hannun da bai dace ba: makamai, motoci, kwamfutoci, kayan aikin asibitocin tarayya, magungunan da ke buƙatar sanyi, da buhunan hatsi na rumbunan ajiya na ƙasa. Wanda ya ga yadda aka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafi a Gwagwalada a Oktoban 2020 ya san cewa rashin sanin abin da ke sito da ranar da ya kamata ya fita yana iya zama fitina a titi.

Sai batun wanda zai mallaki bayanan. Kuskuren da aka sha yi a ayyukan kwamfuta na gwamnati shi ne a bar ɗan kwangila ya riƙe makulli, ranar da aka saɓa da shi ko aka yi jinkirin biyansa sai aiki ya tsaya cak. A rubuta ƙarara cewa tambari da na'ura su kasance a kan ma'aunin duniya da kowane kamfani ke iya karantawa, bayanan su zauna a rumbun gwamnati, na'urorin kuma su samu amincewar Hukumar Sadarwa ta NCC, tunda zangon sito yana maƙwabtaka da na wayar salula. Wannan ya shafi hanyoyi ma. A Fabrairun 2025 an dawo da karɓar kuɗin hanya a titin Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi, bayan fiye da shekara 20 da rushe ƙofofin a zamanin Obasanjo, wasu titunan kuma suna tafe. Indiya ta wajabta tambarinta na FASTag a Fabrairun 2021, kuma tambari ɗaya ke buɗe ƙofofin manyan titunan ƙasar. Idan mu muka bar kowane mai kwangilar titi ya fito da nasa, direban da ke lodi daga Dei-Dei zuwa Makurɗi zai cika gilashinsa da takardu, kowace da asusunta.

Akwai kuma wata jaraba da muke gargaɗi a kanta. Abu mafi sauƙi ga shugaban ma'aikata shi ne ya fara da katin wuyan ma'aikata, ya kafa ƙofa mai karantawa, ya ce ya kawo zamani. Tsare ƙofar ofis da sanin wanda ya zo aiki haƙƙin gwamnati ne, ba mu musa ba. Amma kati ana ba aboki ya kanga, kuma na'urar da ke ƙirga mintin da masinja ya makara daga Nyanya ko Kubwa alhali ba ta san inda motar ofis ta kwana ba, ta fara aiki daga wutsiya. Bayan haka, Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta shafi gwamnati kamar yadda ta shafi kamfani. Ma'aikaci yana da haƙƙin sanin abin da ake tarawa a kansa, da dalilin tarawa, da wanda ke gani, da tsawon lokacin ajiyewa. Ya kamata ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, wanda ke jagorantar raba aikin gwamnati da fayil ɗin takarda, ya fitar da ƙa'ida ɗaya a kan wannan tare da Hukumar Kare Bayanai, kafin kowace hukuma ta yi gaban kanta.

Ga 'yan kasuwa kuwa, aikin gwamnati shi ne share hanya. Mai babban kanti a Jabi ko mai ɗakin ajiya a Idu zai yi lissafinsa, idan asarar kayan da ke salwanta ta fi kuɗin tambari zai saya ba tare da an tilasta masa ba. Inda ake buƙatar hannun hukuma shi ne wurin da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, kamar kiwo. Ostareliya da Urugwai da Botswana sun daɗe suna bin sawun shanunsu da tambarin rediyo, da shi suke gamsar da masu sayen namansu a ƙetare. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙiro a 2024 tana da damar yin haka, kuma makiyayi ya riga kowa sanin amfanin shaida a jikin saniya. Sai dai ba zai miƙa kunnen dabbarsa ba idan ya zaci jangali ne ya dawo ta bayan gida. Zai miƙa ne ranar da ya ga an kama saniyar sata a kara saboda tambarinta, an mayar wa mai ita.

Masu taimaka wa ministoci da manyan sakatarori su ne ke tace takardu kafin su isa teburin mai sa hannu, don haka nauyin yana wuyansu. Idan takardar neman sayen wannan fasaha ta zo, a tambayi mai kawo ta: ina rajistar da za a ɗora tambarin a kanta, kuma yaushe aka tabbatar da ita? Wa zai duba rahoton da na'ura ta fitar kowane mako, kuma me zai faru da jami'in da aka ga kaya sun fita a hannunsa ba izini? Ina kuɗin batir da gyara da horar da ma'aikatan sito a kasafin shekara mai zuwa? Wane sito ɗaya za a fara gwadawa a ciki na wata shida kafin a faɗaɗa? Takardar da ba ta amsa waɗannan ba, a mayar da ita.

Muna kira ga Akanta-Janar na Tarayya da hukumar MOFI su bayyana wa jama'a inda aka kwana a kan rajistar kadarori, ma'aikata nawa suka miƙa nasu, nawa suka ƙi. Muna kira a gyara Ƙa'idojin Kuɗi domin bayanin na'ura ya zama hujja a gaban mai bincike da gaban alƙali. Muna kuma kira ga kwamitocin asusun jama'a na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su riƙa neman wannan rajista a duk lokacin da wata ma'aikata ta zo kare kasafin sayen sababbin motoci. Ma'aikatar da ta kasa nuna inda na bara suke, a dakatar da na bana har sai ta nuna.